Kuang Suyin da Na'urar da Ta Yi Shiru

Kafin in haɗu da Kuang Suyin na yi aiki ƙarƙashin shugabanni iri-iri a birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Akwai wanda in ya shigo ofis sai kowa ya miƙe tsaye. Akwai wanda yake sa mu jeru da safe mu ɗaga hannu muna rera taken kamfani kamar 'yan firamare. Dukkansu masu murya ne. Har na saba da tunanin cewa shugabanci a maƙogwaro yake, wanda ya fi kowa ƙara shi ya fi kowa sanin hanya.

Ranar da na je neman aikin talla a wurinta, na same ta a saman wani tsohon ginin masana'anta a unguwar Bao'an, zaune kan kwali, tana cin taliyar shinkafa da ta yi jawur da barkono. 'Yar siririya ce mai tabarau, in tana magana sai ka matso kusa. Na baje mata kolin iya baki, na gaya mata yadda na sayar da wannan na sayar da wancan. Ta bar ni har na ƙoshi, sannan ta ajiye tsinken cin abincinta ta ce, "Ruan, ka taɓa ce wa mai saye kada ya saya?"

Na yi dariya, na ɗauka wasa take. Da na ga ba ta yi dariyar ba sai na ce ban taɓa ba.

"To a nan za ka koya," in ji ta.

Wani ƙaton mutum mai furfura da ke duƙe kan tebur yana haɗa wayoyi ya ɗago kai ya ce, "Yaro, gudu tun da sauran ƙafa. Ni ma shigowa na yi in sha shayi, ka gan ni nan har yau." Wannan shi ne Lao Pang, babban injiniyanmu, wanda suka kafa kamfanin tare. Ya girme ta nesa ba kusa ba, amma shi ma Yaya Suyin yake ce mata, kamar kowa.

A hankali na tsinci labarinta, yawanci daga bakin Lao Pang, don ita ba ta cika maganar kanta ba. A wani ƙauye cikin duwatsun Hunan aka haife ta. Tana gama sakandare ta biyo ayarin 'yan matan ƙauyensu zuwa kudu, ta zauna shekaru a layin masana'anta tana liƙa ƙananan ƙarafa a cikin wayoyin hannu. Daga nan ta koyi gyara, ta kama ɗan teburi a kasuwar Huaqiangbei, tana aiki tana karatu. Tana can ne mahaifiyarta ta zame a tsakar gida ta faɗi, ƙugu ya goce. Duk 'ya'yanta suna birni. Nan tsohuwar ta kwanta a ƙasa har sai da wata maƙwabciya ta shigo aron gishiri washegari. Ta rayu, amma ba ta ƙara tafiya ba sanda ba.

Abin da muke ƙerawa ke nan: wata 'yar na'ura kamar maɓallin riga babba, tsoho ya rataya a wuya. In ya faɗi, ita da kanta za ta kira wayar 'ya'yansa da ta maƙwabci. Muka sa mata suna Ɗan Rakiya. Akwai 'yar koriyar fitila a jikinta da ke nuna tana aiki.

Zaman wurin ya ɗan ɗaure min kai da farko. Ba mai ofis nasa shi kaɗai, har ita. Duk ranar Litinin da safe za mu taru a tsaye, ita za ta fara magana, kuma da kuskurenta na makon jiya take farawa. "Na matsa wa masu kwali su rage farashi, sun kawo mana mai laushi. Laifina ne." Sai ta dubi na kusa da ita. Da yake babba ta riga ta tuɓe hularta, ba wanda ke jin nauyin tuɓe tasa. Abin da a wasu kamfanonin ake ɓoyewa har ya ruɓe, mu nan da safiyar Litinin ake shanya shi.

Haka kuma kowa, daga injiniya har mai lissafi, yana da ranarsa a wata da zai zauna ya amsa wayar masu saye. In yamma ta yi sai ta bi tebur-tebur tana kashe fitila. "Ku tafi gida. Ku kira iyayenku. Kuna ƙera abin kula da tsofaffin wasu, naku sun manta muryarku." A garin da ake alfahari da kwana a ofis, wannan abin dariya ne a wurin mutane da yawa.

Wanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya shi ne Shugaba Dou, mutumin da ya zuba mana jari mafi tsoka. Ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne da ya ga jiya ya ga yau. Na taɓa raka su wani taron masu jari, aka tambaye ta nawa take ganin za mu sayar nan da shekara uku. Ta ce, "Ban sani ba. Abin da na sani shi ne wannan," ta shiga bayanin abin da ke hannunta. A mota Shugaba Dou kamar ya fashe.

"Suyin! Wa ya taɓa ce wa masu kuɗi bai sani ba? Ki faɗi lamba mana, ko wace iri ce! Su ma sun san ƙarya ce, so suke su ga ƙarfin zuciyarki."

"In na saba musu da ƙarya yau, ranar da na faɗi gaskiya da me za su gane ta?"

Ya juyo gare ni. "Kai ɗan talla, koya wa yayarka magana mana." Na ce ina ƙoƙari. A raina kuwa, a lokacin, ina ganin yana da gaskiya.

A shekararmu ta uku kasuwa ta buɗe. Ɗan Rakiya ya shiga gidaje dubbai a Guangdong da Guangxi da Hunan, kuma wani babban kamfanin inshora yana dab da sa hannu ya saya wa duk tsofaffin da ke ƙarƙashinsa. Ni na yi wata da watanni ina bin wannan ciniki. Sai iskar kudu ta dawo, lokacin nan na ƙarshen sanyi da bango ke gumi, madubi ya yi hazo, wanki ya ƙi bushewa. Na bana ya fi na kullum tsanani, har tayil ɗin ofis sai da muka shimfiɗa masa kwali.

Ranar amsa waya ta faɗo kan Lao Pang. Wata mata ta kira daga Zhaoqing, ba ƙorafi ta kawo ba, so take a dakatar da kuɗin wata-wata saboda mahaifinta yana asibiti. Da wani ne, da ya ce to, ya ajiye. Shi kuwa da surutunsa sai ya ce, "Ayya, me ya sami dattijo?" Ta ce faɗuwa ya yi a banɗaki, ya karye, ya daɗe a ƙasa kafin a gan shi.

"Ɗan Rakiya yana wuyansa?"

"Yana wuyansa. Ai kun san tsofaffi, na tabbata bai yi masa caji ba."

Na ga Lao Pang ya ajiye wayar a hankali kamar ƙwai. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ranar ko shayinsa bai ƙarasa ba. Ya sa aka karɓo na'urar, suka shige ɗakin gwaji shi da yaransa da tukunyar ruwan zafi. Bayan 'yan kwanaki ya fito da amsa. Tururi da laima suna samun hanya ta bakin murfin, su taru a hankali, har abin da ke jin faɗuwa ya kurmance. Fitilar kuwa tana nan kore shar, tana cewa lafiya lau. Ba duka ne ke yin haka ba, kaɗan ne. Amma ba yadda za a yi a san wanne ne sai an buɗe.

Yaya Suyin ta kira Shugaba Dou, ya zo da rana tsaka. Muka zauna mu huɗu, da ni da Lao Pang. Ya saurara har ƙarshe, ya murza goshi, ya ce, "Wa ya sani bayan mu?"

"Yaran ɗakin gwaji."

"Matar fa?"

"Tana zaton caji ne."

"To, an gama ai. Ku gyara murfin a sabon samfuri. A aika wa dattijo kwandon lemo da gaisuwa. A sa hannu da 'yan inshora, in ƙafarmu ta yi ƙarfi sai mu musanya tsofaffin a hankali, mu ce garaɓasa ce. Ba wanda ya ce ki yi ƙarya, Suyin. Shiru kawai."

Ina zaune kusa da ita, na ga tsoro ƙarara a fuskarta. Muryarta kuwa ba ta canja ba.

"Shugaba Dou, yanzu haka da muke magana akwai wata tsohuwa da za ta shiga wanka, 'yarta tana Shenzhen hankali kwance saboda fitila kore ce. Mu muka sayar mata da wannan kwanciyar hankalin. Da ba mu, da ta roƙi maƙwabciya ta riƙa leƙawa."

"Kamfanin zai mutu."

"Zai iya mutuwa."

"Kin san zan iya tara masu jari mu ɗora wani a kujerarki?"

"Na sani. Zai ɗauke ka sati biyu ko uku. Ni gobe zan fara kiran mutane."

Ya dube ta ya daɗe, kamar yau ya fara ganinta. Lao Pang ya yi gyaran murya ya ce, "Ni na zana murfin nan. A ce ni ne, a sallame ni, kowa ya huta. Dama gwiwoyina sun gaji da benen nan."

"Kai ka zana, ni na duba na ce a buga," in ji ta. "Zauna, Lao Pang. In ka tafi wa zai gyara?"

Cinikina na wata da watanni nake kallo yana narkewa, amma idona yana kanta. Na ga masu buga tebur da yawa a rayuwata. Ban taɓa ganin wanda tsoro ya kama haka, kuma bai matsa ko taƙi ɗaya ba.

Washegari ta ce za ta Zhaoqing, wanda ke so ya biyo ta. Muka cika mota biyu. Dattijon, Kaka Nie, tsohon matuƙin jirgin fito ne, yana kwance an ɗaure masa ƙugu, 'yarsa na gefe tana ɓare masa lemo. Yaya Suyin ta tsaya a ƙarshen gadon ta sunkuya har ƙasa-ƙasa, ta ce, "Kaka, ni ce mai Ɗan Rakiya. Na'urarmu ce ta lalace. Ba laifinka ba ne."

Sai tsohon nan ya yunƙura, ya nuna 'yarsa da yatsa, fuskarsa ta washe kamar an ba shi kyautar doki.

"Kin ji ko? Kin ji da kunnenki? Na ce miki na yi caji! Sati guda tana min faɗa kamar ita ta haife ni. Ta ce na rikice, ta ce za ta kai ni gidan tsofaffi!" Ya juyo ga Yaya Suyin. "'Yata, maimaita mata, kunnenta ɗaya ba ya ji sosai."

'Yar ba ta yi dariya ba. Ta miƙe, lemon ya faɗi, ta wanke mu tas. Ta ce ubanta ya kwanta cikin ruwan sanyi yana kiran sunanta, ita tana ofis tana dariya da abokan aiki. Ta ce sai ta kai mu kotu. Yaya Suyin ba ta katse ta ba, ba ta kuma ce amma ba. Da matar ta gaji ta zauna tana kuka, sai Yaya Suyin ta ce mata, "Kina da gaskiya. Asibiti namu ne. In kin je kotu, duk abin da muka gano a gwaji zan ba lauyanki da hannuna."

Muka kamo hanyar dawowa. Wani matashin injiniya da ke bayana ya jingina kai da gilashi yana share ido.

Da muka iso Yaya Suyin ta tsaya gaban bangon ofis, Lao Pang ya riƙe waya ya ɗauke ta bidiyo. Ba kwalliya, ba waƙa a baya. Ta faɗi abin da ya faru, ta ce kada kowa ya ƙara dogara da koriyar fitilar, ta ce za mu zo mu musanya kowace ɗaya. Na roƙe ta a sake ɗauka, don ta yi in'ina a wuri biyu. Ta ce a bar shi haka, a saka a intanet.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. 'Yan inshora suka janye. Shugaba Dou bai tsige ta ba, amma ya ce ba zai ƙara ko yuan ɗaya ba. Aka yi ta zaginmu a waya da intanet. Wasu daga cikinmu suka ce za su tafi, suna da iyali. Ba ta riƙe kowa ba, ita ce ma ta riƙa kiran abokanta a wasu kamfanonin tana cewa, "Ina da yaro mai hannu, ku ɗauke shi kafin wani ya riga ku." Muka bar rabin benen, muka matsu a sauran.

Sauran aikin shi ne musanyar. Na birni mai sauƙi ne, a aika a karɓo. Amma yawancin tsofaffinmu suna ƙauye, ba su iya haɗa sabuwar da wayar 'ya'yansu ba, wasu ma ba sa buɗe ƙunshin da baƙo ya kawo. Ba ta ce kowa ya je ba. Da safe kawai muka gan ta da jakar goyo cike da na'urori da tikitin jirgin ƙasa zuwa Hunan. Lao Pang ya dube ta ya ce, "Ke kaɗai? Da wannan muryar taki? Tsofaffin nan kurame ne fa, sai kin shekara a gida ɗaya." Ya jawo tasa jakar. Kafin azahar an rarraba taswira a kan tebur, kowa yana cewa a ba shi yankin garinsu.

Ni Guangxi na samu. Na hau bas, na hau babur, na taka da ƙafa tsakanin gonakin rake. A wani ƙauye wata tsohuwa ta ƙi ba ni tsohuwar na'urarta, ta ce ɗanta ne ya saya mata, ba mai raba ta da ita. Sai da na rataya mata sabuwar a kan tsohuwar, ta zauna da biyu a wuya tana taƙama, ta cika min aljihu da dafaffen ƙwai. A wani gidan kuma na tarar da dattijon da ba ya fita ko ƙofa, jikarsa tana tare da shi dare da rana. Suka ce za su ƙara sayen ɗaya. Na ji bakina yana cewa, "Kada ku saya, ba ku da buƙata." A wannan tafiyar ne wani tsohon maigidana ya kira ni da tayin aiki mai maiƙo. Ina tsaye bakin rafi ina jiran kwalekwale na ce masa na gode.

Kafin zafi ya kama sosai mun gama. A cikin waɗanda muka karɓo, Lao Pang ya buɗe ya sami kurame fiye da yadda muka zata. Ya jera su a tebur, muka tsaya muna kallonsu, kowa yana tuna wuyan da ya ciro tasa.

Shekarar ta yi mana tsawo. Amma da lokacin kaka ya zagayo, sai wata ƙungiyar gidajen kula da tsofaffi ta aiko a kira mu. Shugabarsu ta ce ta gwada na'urorin kamfanoni da dama, kowa ya rantse tasa ba ta taɓa kuskure ba. "Ku kaɗai na san abin da za ku yi ranar da taku ta yi." Bayan su 'yan inshora suka dawo da ƙafarsu. 'Yar Kaka Nie ba ta je kotu ba, ba ta kuma yafe mana da baki ba, sai dai ta karɓi sabuwar na'urar. Shugaba Dou ya zo cin abincin ƙarshen shekara, ya ɗaga kofi ya ce, "Har yau ina nan kan bakana, ganganci kika yi. Sai dai na ƙi jinin yadda gangancin naki ya fi hankalina riba." Aka yi dariya, ita ta sunkuyar da kai tana gyara tabarau.

Yanzu mun haura mutum ɗari uku, muna da gini namu. Watan jiya ta kira ni ta ce za a buɗe reshe a Chengdu, ni take so in riƙe. Na ce mata ni ɗan talla ne, ban taɓa shugabantar ko akuya ba, kuma gaskiya ina jin tsoro.

"Madalla," in ji ta. "Wanda ba ya ji ne ba zan ba wa ba."

"Yaya Suyin, in na ɓata fa?"

"Za ka ɓata. Ka dai riga kowa faɗa min."

Lao Pang, wanda yanzu sanda yake dogarawa amma ya ƙi ritaya, ya leƙo ta ƙofa ya ce, "A ba shi, a ba shi. Barkonon Chengdu kaɗai ya isa ya koya masa ladabi."

Jibi jirgina zai tashi. Matata ta riga ta ɗaure kaya, 'yarmu kuwa tun jiya take tambaya ko gaskiya ne a can ana ganin dabbar panda a bakin titi.